Tarihin Ƙwayar Gyambon Ciki da Dabarun Zamanta

Ba safai a kan sami gari ko ƙauye wanda babu mai fama da gyambon ciki a cikinsa ba. Mai wannan ciwo ya kan ji zafi a ƙahon zuciya kamar an ɗora masa garwashi, tun ba in yunwa ta kama shi ba, ko kuwa can da tsakar dare. In ya sa wani abu a baka sai zafin ya lafa, jim kaɗan kuma ya komo. Wani ya kan shekara ashirin a haka, yana jiƙa kanwa yana sha, ya bar yaji, ya bar tsami, amma ciwon bai bar shi ba. Wani kuwa gyambon ya kan ci har ya taɓo jijiyar jini, ko ya huda tumbi, in ba a yi hanzarin kai shi asibiti ba sai a rasa shi.

Shekara da shekaru manyan likitocin duniya suna cewa ɓacin rai da yawan tunani da cin yaji su ne ke kawo wannan ciwo. Ashe mafi yawansa aikin wata 'yar ƙwayar cuta ne, wadda masana su ke kira Helikobakta failori. Don ƙanƙantarta, sai an jera kamar guda 8,000 kai da wutsiya kafin su cika inci ɗaya. Labarinta yana da abin mamaki biyu. Na farko, ta yi kusan shekara 100 tana ɓoye wa likitoci, alhali kuwa waɗansunsu sun gan ta da idonsu. Na biyu, ta kan shiga cikin mutum tun yana yaro, ta zauna har ya tsufa, jikinsa ya san tana nan amma ya kasa korarta.

GIDAN DA AKA CE BA YA ZAUNUWA

A cikin tumbin mutum akwai wani ruwa mai tsami ƙwarai, wanda ya ke narkar da abinci, ya kuma kashe yawancin ƙwayoyin cutar da aka haɗiye tare da shi. Sabo da haka a makarantun likitoci aka riƙa koyar da cewa babu wani abu mai rai da zai iya zama a tumbi. Cikin shekarar 1910 wani likita a ƙasar Turai, Karl Schwarz, ya bayyana cewa inda babu ruwan tsami babu gyambo. Maganarsa tana da gaskiya, amma ba ita ce dukan gaskiyar ba. Likitoci suka riƙe ta, suka ɗora laifin duka bisa ruwan tsami. Magani sai ya zama hutu, da shan madara, da garin kashe tsami. In abin ya faskara, a yi wa mutum aiki a yanke wani sashi na tumbinsa. Cikin 1976 aka fito da wani magani a Ingila, simetidin, mai rage zubowar ruwan tsami. Ya kan warkar da gyambo sosai, amma da an daina sha, yawancin mutane sai ciwon ya komo musu.

Duk wannan zamani kuwa akwai waɗanda suka yi ta cin karo da ƙwayar. Cikin 1893 wani masani na Italiya, Giulio Bizzozero, ya ga waɗansu ƙwayoyi masu murɗaɗɗen jiki a tumbin karnuka. Cikin 1899 wani likita na ƙasar Folan, Walery Jaworski, ya ga irinsu a ruwan da aka wanko daga tumbin mutane, har ya yi zaton suna da hannu cikin ciwon ciki. Amma da harshen ƙasarsu ya rubuta, ba su da yawa waɗanda suka karanta. Sa'an nan cikin 1954 wani likita a Amurka, Eddy Palmer, ya duba 'yan tsokoki fiye da 1,000 waɗanda aka tsinko daga tumbin mutane, ya ce bai ga kome ba. Ashe irin rinin da ya yi aiki da shi ne ba ya nuna su sosai. Tun da ya ke shi sananne ne, maganarsa sai ta rufe zancen har kusan shekara 25.

Akwai kuma wani likita a wani ƙaramin gari na ƙasar Girka, sunansa John Lykoudis. Cikin 1958 ya yi wa kansa maganin gyambon ciki da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ya warke. Ya shiga ba mutane, suna ta samun sauƙi. Hukumomin ƙasarsu ba su yarda da shi ba, har aka ci shi tara cikin 1968. Ya mutu cikin 1980, bai ga ranar da aka gaskata shi ba.

LIKITOCI BIYU NA BIRNIN PERTH

A birnin Perth, can yammacin Ostireliya, akwai wani likita Robin Warren, wanda aikinsa shi ne duba tsokar majiyyata da madubin likita, watau gilashin nan mai girmama ƙananan abubuwa. Cikin watan Yuni na 1979 aka kawo masa wata 'yar tsoka daga tumbin wani mutum. Da ya duba sai ya ga wani siririn layi shuɗi-shuɗi a kanta. Ya sake rina ta da rini mai azurfa, sai ga ƙwayoyi masu lanƙwasa birjik. Ya ci gaba da lura har shekara biyu, ya ga duk inda ƙwayoyin nan su ke, fatar tumbi tana da kumburi. Ya gaya wa abokan aikinsa, ba su kula ba.

Cikin 1981 wani saurayin likita, Barry Marshall, ya zo ya haɗa kai da shi. Suka shirya duba mutum 100, suna ɗebo tsoka suna shukawa a faranti don su ga ko ƙwayar za ta tsiro. Aka yi mutum fiye da 30 ba ta tsiro ba, domin ma'aikatan ɗakin gwaji sun saba zubar da faranti in ya kwana biyu ba a ga kome ba. Sai hutun Ista na 1982 ya zo, aka bar faranti ya yi kwana biyar. Da aka komo aiki, sai ga ta ta tsiro. Ashe ita mai jinkirin girma ce, gaggawar mutane ce ta ke ɓoye ta. Da suka gama lissafi, suka tarar cikin mutum ɗarin nan akwai 13 masu gyambo a bakin hanji, kuma dukansu suna ɗauke da ita.

Duk da haka ba a yarda ba. Cikin 1983 ƙungiyar likitocin ciki ta Ostireliya ta ƙi karɓar takardar da Marshall ya aika wa taronta. Masu musu suka ce, ai watakila gyambon ne ya fara fitowa, sa'an nan ƙwayar ta sami wurin zama, kamar yadda ƙuda ya ke bin miki. Wannan musu kuwa yana da hujja, ba ya kawuwa sai an nuna ƙwayar ta kama mai lafiya ta sa masa ciwo. Marshall ya gwada sa wa aladu, ba ta kama su ba. Don haka cikin 1984, yana da shekara 32, ya sa aka leƙa tumbinsa aka tabbatar lafiya lau ya ke, sa'an nan ya dama ƙwayoyin da aka shuka daga cikin wani majiyyaci, ya shanye. Bayan 'yan kwanaki ya fara amai, bakinsa ya yi wari. A kwana na goma aka sake leƙawa, aka tarar tumbinsa ya kumbura, ga ƙwayoyin nan a manne. Gyambo dai bai fito masa ba, amma an ga mafarinsa. Ya sha magani, ya warke. Wani likita kuma a Niyu Zilan, Arthur Morris, ya yi irin wannan gwaji a kansa, shi kuwa sai da ya yi kamar shekara uku kafin ya rabu da ita.

Sannu a hankali gani ya kori ji. A ƙasashe dabam-dabam aka ga in an kashe ƙwayar gyambo ba ya cika komowa. Cikin 1989 aka raɗa mata sunan da ta ke da shi yanzu. Cikin 1994 babban taron likitoci a Amurka ya yanke cewa duk mai gyambo da aka samu da ita a ba shi maganin kashe ta. Cikin 2005 aka ba Warren da Marshall kyautar Nobel, wadda babu kyautar ilmi da ta fi ta daraja. Warren ya rasu cikin 2024.

YADDA TA KE LALLASHIN DAKARUN JIKI

Da aka gama musun ko tana nan, sai tambaya ta biyu ta taso, watau yaya ta ke yi ta daɗe haka? Kafin a fahimci amsa sai a san yadda jiki ya ke tsare kansa. Jiki kamar birni ne mai ganuwa. A bakin ƙofofinsa akwai 'yan gadi waɗanda suka san kamannin baƙin ƙwayoyi, da sun hango su sai su yi kururuwa. Dakaru kuwa su ne fararen ƙwayoyin jini. Waɗansu su kan haɗiye abokin gaba ɗungum, waɗansu su kan ƙera makaman da aka auna daidai da shi, waɗansu kuma, waɗanda a ke kira ƙwayoyin T, su ne shugabannin yaƙi masu tsara kome. Ja da kumburi da zafin da a kan gani a wurin ƙurji, alamar wannan yaƙi ce. Yawancin cututtuka cikin 'yan kwanaki ko 'yan makonni a ke yin ta ta ƙare, ko jiki ya ci, ko cuta ta ci. Ita wannan kuwa ba ta neman cin yaƙi, wurin zama kaɗai ta ke nema.

Dabararta ta farko ta tsira daga ruwan tsami ce. Kowace uwargida ta san in tsami ya yi wa miya yawa, ɗan kanwa ya kan kashe shi. To, ita ma tana da wani sinadari, yuriyes, wanda ya ke fasa wani abu da ke cikin ruwan jiki ya fitar da amoniya, amoniya kuwa tana kashe tsami kamar kanwa. Da wannan ta ke samun sararin kaɗa wutsiyoyinta, guda huɗu zuwa shida, ta murɗa jiki ta nutse cikin yauƙin da ya shafe bangon tumbi. Can ƙarƙashin yauƙin tsami ba shi da ƙarfi, dakaru da makamansu kuma ba sa isa wurin da sauƙi.

Ta biyu ita ce ɓad da kama. 'Yan gadin jiki sun fi gane ƙwayoyin cuta ta wurin abu biyu, wutsiyarsu da rigar da ta lulluɓe su. Cikin 2005 masana suka nuna cewa wutsiyar wannan ƙwaya ta sauya a daidai wurin da ɗan gadi ya ke dubawa, har ba ya gane ta. Rigarta ma an rage mata alamun da ke tsokano kururuwa, ba ta tayar da jiki ko kusa da yadda rigar ƙwayoyin zawo ta ke yi. Har wa yau ta kan yi wa rigar ado da waɗansu alamu masu kama da na jikin mutum kansa, ta kan kuma sauya su loto-loto. Sai ka ce baƙon da ya shigo da tufafin 'yan gari, ya kuma iya gaisuwarsu.

Ta uku ita ce kwance wa dakaru ɗamara. Dakarun da ke haɗiye ƙwayoyin cuta da dafi su ke kashe su. Ita kuwa tana da sinadaran da ke karya wani dafin, ta kan kuma cinye kayan da a ke haɗa wani da su tun ba a haɗa ba. Ta kan tsotsi wani irin kitse daga fatar tumbi ta shafa a jikinta, wannan ya sa haɗiye ta ya yi wuya. Sa'an nan tana fitar da wani dafi nata, wanda masana a Jamus suka nuna cikin 2003 cewa ya kan hana ƙwayoyin T hayayyafa. In shugabannin yaƙi ba su yawaita ba, rundunar ba ta taruwa.

Amma babbar dabararta ita ce ta huɗu. Cikin ƙwayoyin T akwai wani kashi waɗanda aikinsu ba yaƙi ba ne, sulhu ne. Su ne ke tsawata wa dakaru don kada su far wa abinci, ko su juya su ƙone garin da su ke tsaro. Ba domin su ba, da jikin mutum ya hallaka kansa. Ita wannan ƙwaya ta kan rinjayi 'yan rahoton da ke kai labarin baƙo wurin shugabanni, har su kai labari mai sanyi, a tashi masu sulhu da yawa maimakon mayaƙa. Da ɗan gari a kan ci gari. Cikin 2008 aka gwada yara da manya masu ɗauke da ita a ƙasar Cile, aka tarar yara sun fi yawan masu sulhun nan a tumbinsu, kumburinsu kuma ya fi sauƙi. A shekarar nan kuma a birnin Nottingham na Ingila aka tarar masu gyambo su ne waɗanda masu sulhunsu suka yi ƙaranci. Watau gyambo ba cizon ƙwayar kaɗai ba ne, har da ɓarnar yaƙin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kumburi ya raunana bango, ruwan tsami ya sami ƙofa.

Kada a ɗauka ta kashe wutar duka. Duk mai ɗauke da ita akwai ɗan kumburi a tumbinsa, ko da ba ya jin kome. Abin kamar wutar ƙaiƙayi ne, a sama toka, a ƙasa tana ci. Jiki yana ƙera mata makamai, har a kan gan su cikin jini in an gwada, amma ba sa isa su fitar da ita. Wannan yana cikin dalilan da suka sa har yanzu ba a sami allurar riga-kafinta da a ke yi wa jama'a ba.

TSOHUWAR ABOKIYAR TAFIYA

Irin waɗannan dabaru ba a kwana ɗaya a ke samunsu ba. Cikin 2007 masana suka gwama ƙwayoyin da aka samo daga al'ummomi da yawa na duniya, suka ga asalinsu duka daga Afirka ne, sun kuma fita tare da mutanen da suka ƙaura daga gabashin Afirka kamar shekara 58,000 da suka wuce. Cikin 1991 aka tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a kan duwatsun da ke tsakanin Italiya da Ostiriya, wanda ya mutu kamar shekara 5,300 da suka wuce. Da aka bincika tumbinsa, aka ba da labari cikin 2016 cewa shi ma yana ɗauke da ita.

Yawanci a cikin gida a ke ɗaukarta, tun ana yara, ta wurin yawu, da amai, da hannu ko ruwan da ƙazanta ta taɓa. Ta fi yawa inda mutane suka cunkushe, ruwa mai tsabta kuma ya yi ƙaranci. Wani lissafi da aka buga cikin 2017 ya kimanta mutum miliyan 4,400 ne su ke ɗauke da ita a shekarar 2015, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da ta fi yawa, fiye da mutum 8 cikin 10. Mafi yawan masu ita har su mutu ba za su san da ita ba. Kamar 1 ko 2 cikin 10 ne su kan yi gyambo, kamar 1 zuwa 3 cikin 100 kuma su kan kamu da ciwon dajin tumbi bayan shekaru masu yawa. Sabo da wannan ne cikin 1994 wani reshe na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa ta cikin jerin abubuwan da aka tabbata suna kawo ciwon daji. Akwai irinta mai wani tsinke kamar allura wanda ta ke tsira wa fatar tumbi dafi da shi. Wannan iri ya fi haɗari, ya kuma yawaita a Japan da Koriya da Sin, inda ciwon dajin tumbi ya yi yawa.

Wani yanki na labarin nan a ƙasar Barno aka rubuta shi. Wani likita Bature, Chris Holcombe, wanda ya yi aiki a asibitin koyarwa na Maiduguri, ya ga yawancin mutanen da aka gwada suna da ƙwayar tun suna ƙanana, amma ciwon dajin tumbi bai yi yawan da a ke tsammani ba. Cikin 1992 ya rubuta takarda ya kira abin kacici-kacicin Afirka. Masana suka rabu. Waɗansu suka ce rashin kayan leƙa ciki da ƙarancin lissafin asibiti ne suka ɓoye masu ciwon, binciken baya kuma ya nuna gyambo ba baƙo ba ne a Afirka. Waɗansu suka ce watakila tsutsar ciki, wadda ita ma ta iya sanyaya dakarun jiki, tana rage ɓarnar. Cikin 2000 aka gwada wannan a Amurka da ɓeraye, aka sa musu tsutsa tare da wata 'yar'uwar ƙwayar, aka ga lalacewar tumbinsu ta ragu. Cikin 2011 kuma a birnin Zurich aka ga ɓerayen da suka ɗauki ƙwayar tun suna jarirai ba sa saurin kamuwa da ciwon fuka, domin masu sulhun da ta tayar a tumbi su kan kai har huhu. Amma ɓera ba mutum ba ne, wannan kuma bai zama dalilin da mai gyambo zai bar ta a cikinsa ba.

ABIN DA YA KAMATA MAI CIWO YA SANI

Yanzu ana gane ta ta wurin gwajin numfashi, ko na bayan gida, ko a leƙa tumbi da siririn madubi. Maganinta na kwana 10 ne zuwa 14, a kan haɗa mai rage tsami da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu ko fiye. Wajibi ne a shanye shi duka yadda likita ya faɗa. Wanda ya sha rabi ya bari don ya ji sauƙi, masu tauri cikin ƙwayoyin ne za su saura, gobe maganin ba zai ci su ba. Ba kowane gyambo ne nata ba. Yawan shan magungunan ciwon jiki, irin su asfirin, shi ma ya kan ci tumbi, sabo da haka gwaji ya fi sayen magani da ka. Wanda ya ga yana aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko yana ramewa ba dalili, kada ya kwana bai ga likita ba. Wanke hannu da sabulu, da tsabtace ruwan sha, da barin tauna wa jariri abinci, su ne abin da iyaye za su iya yi don kāre 'ya'yansu.

Kanwa ta kan kwantar da zafi na sa'a ɗaya ko biyu, amma ba ta taɓa mai gidan da ke kwance ƙarƙashin yauƙi. Ciwon da kakanni suka yi ta jinya har tsufa, wanda likitocin jiya su ke yanke tumbi dominsa, yau a kan raba mutum da shi cikin mako biyu, in an gwada an san da ita, an kuma sha magani har ƙarshe.